Nishin Motar Gawa

Huseina ba ta je maƙabarta ba, don mata ba sa zuwa. Tana kan tabarma a tsakar gida, mata sun kewaye ta, aka fita da mijinta Garuba. Ta ji an rufe ƙofar bayan mota, ta ji inji ya tashi, shi ke nan. Duk abin da ya faru bayan wannan a bakin mutane ta tsince shi, su kuwa mutanen Zongon Lome ba sa ba ka labari a dunƙule, sai sun gutsuttsura maka shi ka yi ta haɗawa da kanka.

Da fari ta lura mata suna yin tsit in ta ɗaga kai. Sai kuma masu zuwa gaisuwa suka riƙa jan addu'a fiye da kima, suna nanata "Allah Ya sassauta masa," alhali "Allah Ya jiƙansa" aka saba ji. Daga ƙarshe Ajaratu ce ta fasa ƙwan, maƙwabciyarta mai koko da ƙosai. Ajaratu ba muguwa ba ce, magana ce kawai ba ta iya kwana a cikinta.

"Maman Batul, gara ki ji daga bakina," in ji ta. "Wai da motar ta zo shiga ƙofar maƙabarta sai ta yi nishi. Nishi irin na mutum, dogo, sannan aka ji gau, kamar an buga wani abu daga ciki. Maigidana ya ce shi kam da kunnensa ya ji."

"Mota ce fa, Ajaratu."

"Eh, mota ce. Amma ai kin san wace mota."

Huseina ta sani, kowa ma ya sani. Farar motar kaya ce, irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa bayan Turawa sun gama cin moriyarsu. Wani attajiri ne ya saya wa masallacin unguwa ita sadaka don ɗaukar gawa. Bara ita ta ɗauki Malam Abdulkuddus, tsohon limamin da ya karantar da rabin unguwar, har da Huseina kanta. A daidai ƙofar maƙabarta ranar, motar ta yi wani siririn kuka da duk wanda ke kusa ya ji. Jama'a suka ɗauki kabbara, aka ce har ƙarfe ya yi kukan rabuwa da bawan Allah. Huseina da bakinta ta sha ba baƙi labarin nan a rumfarta ta atamfa, tana share ƙwalla. Tun daga ranar aka fara kallon motar da wani ido. Masu wucewa ta rumfar da ake ajiye ta sukan rage murya, wasu tsofaffi har shafa ta suke yi.

To, motar da ta yi wa waliyyi kuka, ita ce aka ce ta yi wa Garuba nishi da bugu. Ba sai an fassara wa kowa ba. Garuba dillalin albasa ne, mai zafin kai, bakinsa ba linzami. Shekarun baya ya yi cacar baki da dattawan masallaci a kan ruwan alwala da ke gangarowa ya kwanta masa a ƙofar gida. Ya faɗa musu abin da ya ga dama a bainar jama'a, ya ɗauke ƙafa daga masallacin. Bayan la'asar kuma sai ka same shi a garejin wani makanike ɗan ƙabilar Ewe, Kirista, suna buga ludo suna ƙyaƙyata dariya har a ji su a bakin titi. Tun yana raye unguwa ta yanke masa hukunci cewa ya bar salla.

Huseina ta san ƙarya ne, don ita ke shimfiɗa masa darduma. Amma ta san wasu abubuwan da unguwa ba ta sani ba. Ta san asubahin da yakan makara. Ta san ƙaninsa da ya rasu ba sa ga maciji da juna. Ta san maganganun da yakan yaɓa mata in ransa ya ɓaci, sannan ya dawo da tsire a leda a maimakon ban haƙuri. Ta so mutumin nan da halinsa duka, ga shi ana ce mata tun kafin a sa shi a rami aka fara masa azaba. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Abin da ya fi cin ta shi ne ba ta ji nishin da kunnenta ba, saboda haka zuciyarta take ƙera mata sabo kullum, kowanne ya fi na jiya muni. In ta ɗaga hannu za ta yi masa addu'a, sai ta ji kamar tana ƙwanƙwasa ƙofar da aka riga aka kulle.

Ƙaninta Haliru shi ne direban motar. Tela ne a unguwar Nyékonakpoè, tuƙin gawa don lada yake yi, in an kira shi ya ajiye almakashi ya taho. Tun ranar jana'iza yake kauce wa idonta. Ran nan da ya kawo mata cefane ta tsare shi a bakin ɗaki.

"Haliru, kai ke riƙe da sitiyari. Ta yi ko ba ta yi ba?"

"Yaya, ki bar maganar nan."

"Ta yi ko ba ta yi ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta yi."

"Kwaikwaya mini."

Idonsa ya kawo ruwa. "Wallahi ba zan iya ba."

"To kawo mini ita nan."

"Motar gawa? A ƙofar gida, ba a yi sabuwar mutuwa ba? Yaya, ça ne se fait pas, ba a yin haka. Unguwa za ta tashi."

"Ta tashi. Ni ina takaba, ba ni da ikon taka ƙafa in je inda take. Ita kuwa tana da tayoyi."

Haliru ya san yayarsa. Ya ce sai Lahadi, ranar da ba ya buɗe shago.

Lahadi kuwa ita ce ranar Komlan, makaniken nan abokin Garuba. Ƙato ne mai tumbi, in ya yi magana a gareji sai ka ɗauka faɗa yake yi. Yana ƙauyensu wajen Kpalimé aka yi rasuwar, kafin ya iso an binne, abin ya tsaya masa a rai. Tun daga nan kowace Lahadi in ya taso coci sai ya zo da farar rigarsa, ya gai da Huseina daga bayan ƙyaure, ya zauna a bencin ƙofar gida ya yi shiru. A kawo masa ruwa ya sha, ya ce "Akpe," wato na gode da yarensu, ya tafi. Babu wanda ya gaya masa abin da ake faɗi a kan abokinsa, don maganar cikin gida ce.

Yana zaune a bencin nan farar motar ta ɓullo a bakin lungu. Matan da ke wanki a waje suka miƙe da kumfa a hannu. Wata ta ce, "Inna lillahi, wa kuma?" Huseina ta jawo hijabi ta zo ta tsaya a bakin ƙofa.

Lungun matsattse ne, ga kwata a bakinsa. Dole Haliru ya rage gudu ƙwarai, ya murza sitiyari har ƙarshe kafin motar ta shigo. Sai ga shi. Wani nishi ya taso daga gaban motar, can ƙasa, mai kauri, yana ja kamar na majinyacin da ake juyawa a kan gado. Ya yi ta ja har tsikar jikin Huseina ta tashi, sannan gau!

Ba gawa a motar, ba kowa sai Haliru. Huseina ta dafe bango. Ashe haka yake. Ya fi duk wanda ta ƙera a zuciyarta kama da muryar mutum, kuma ga shi a ƙofar gidanta da rana tsaka.

"Ta gane gidan!" in ji Ajaratu. "La ilaha illallah, ta gane gidan!"

Komlan kaɗai ne bai ja da baya ba. Ya miƙe, ya karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa. "Haliru, encore," in ji shi. "Koma baya, ka sake shigowa. Doucement, a hankali."

Haliru ya sake, motar ta sake, mata suka sake salati. Komlan ya gyaɗa kai. "Kupel ne. Na dama ya mutu, na hagu ma yana kan hanya. Me ya sa kuka bar shi ya kai haka?" Sai ya dubi fuskokin mutane ya ga abin ya wuce maganar mota. "Mene ne? Me ya faru?"

Ajaratu ce ta gaya masa, ai ba za ta bari wani ya riga ta ba. Huseina tana kallo fuskar ƙaton nan ta sauya. Ya cire farar rigarsa ta coci, ya ninke ta a kan benci, ya rage daga shi sai singileti.

"Wannan ne?" in ji shi, muryar gareji ta dawo. "Wannan ne abin da kuke ɗora wa abokina? Ao! Haliru, buɗe capot."

Aka ɗaga murfin inji. Ya nuna wani tudu a kusurwa, saman taya, mai noti uku a kewaye da babba ɗaya a tsakiya. Ya sa tafukansa biyu a gefen motar ya danna da dukkan nauyinsa, ya saki. Notin tsakiyar ya yi tsalle, ya buga ƙwas. Ya yi bayani da Hausarsa wadda ba ta san mace ba ta san namiji ba, kowa "kai" ne a wurinta. Kowace tayar gaba tana da doguwar ƙafa, shokazoba a tsakiya, ƙaton sifirin ya naɗe shi. Kan ƙafar yana tokare da jikin mota, a tsakaninsu kuma akwai wata 'yar hula ta roba da ƙarfe, ita ce masu garejin Lome ke kira kupel. Robar ke shanye bugun hanya. A cikinta akwai boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke barin ƙafar ta juya duk lokacin da direba ya murza sitiyari. In roba ta tsage, ƙarfe ya riƙa bugun ƙarfe. In boris ya bushe, ƙafa ta ƙi juyawa, sifirin ya yi ta murɗewa yana nishi har ya fisge.

Huseina ta ji bayanin, amma bai shige ta ba. Kunnenta har yanzu muryar mutum yake ji. Komlan ya lura. Ya durƙusa a gefen taya ya nuna mata ramin da ke samanta.

"Madam Garuba, zo. Kada ka ji tsoro. Sa tafin hannu a bayan sifirin nan, a shimfiɗe. Kada yatsa ya shiga tsakani."

Ta dubi Haliru, ya gyaɗa mata kai. Ta tsallako dokin ƙofa, ta sunkuya, ta zura hannu cikin duhun ramin. Ƙarfen yana da ɗumi, ƙura ta lulluɓe shi. Komlan ya ɗaga wa Haliru yatsa, Haliru ya fara murza sitiyari a hankali.

Ƙarfen ya farka a ƙarƙashin hannunta. Ta ji yana ɗaurewa, yana karkarwa, yana neman juyawa an hana shi. Nishin ya fara, sai ta ji shi a tafin hannu tun kafin ya iso kunne, ya bi damtsenta ya hau har haƙoranta. Sannan gau, sifirin ya zabura ya koma wurinsa. Ta fisge hannu ta duba, ba komai a kai sai jan tsatsa.

"Subhanallah," in ji ta. Ta maimaita, ba ta ma san tana yi ba. Mamaki ya cika ta har ya kori tsoron. Abin da ya hana ta ci da barci, abin da ta ɗauka daga lahira ya leƙo, ga shi nan ta taɓa shi da hannu ya ɓata mata tafi. Ta sake mayar da hannun da kanta, ta ce wa Haliru ya ƙara.

"Gobe in je unguwar Bè in samo sabbi," in ji Komlan. "Kafin azahar wannan mota ya yi shiru kamar liman a kan sallaya."

Haliru ya kashe inji ya fito, fuskarsa ba walwala, ya kira shi da "Fo," wato yaya da yaren Ewe. "Fo Komlan, yi a hankali. Motar nan ce ta yi wa Malam Abdulkuddus kuka. Ni ma nakan ji ɗan ƙwas-ƙwas in na shiga gargada, amma wa zai kai motar da ta yi wa Malam kuka gaban makanike? A ce me?"

Komlan ya dubi motar. Ya san Malam. Tsohon yakan tsaya a ƙofar gareji ya gaishe shi da yaren Mina in zai wuce. Ya goge hannu a wando, ya ce a hankali, "Ni ƙarfe na sani. Na Allah ban sani ba."

Kafin wannan lokaci labari ya riga ya kai masallaci. Sai ga Malam Salahu tafe, ɗan Malam Abdulkuddus, wanda ya gaji limanci. Siririn mutum ne mai sanyin murya, har yanzu in an ce "Malam" kawai a unguwar, uban ake nufi. Shi ya sallaci gawar Garuba a ƙofar masallaci, amma bai raka ta maƙabarta ba. Aka buɗa masa hanya. Ya saurari Komlan har ƙarshe, sannan ya juya ga Haliru.

"Gawa nawa ka ɗauka tsakanin mahaifina da Garuba? Me ya sa su ba ta yi musu ba?"

Haliru ya yi tunani, sai ka ga abin yana faɗo masa a fuska. "Allah gafarta Malam, ai ba na shiga da mota. A bakin titi nake tsayawa a miƙe, jama'a su ɗauki makara a kafaɗa su shiga. Ranar Malam mutane sun cika titi ba wurin tsayawa, dole na karya kan mota na shiga ƙofa a hankali." Ya saci kallon yayarsa. "Ranar Baban Batul kuwa, waɗanda suka raka ba su isa su yi ta karɓa-karɓa har ƙarshen maƙabarta ba. Shi ya sa na shiga da shi."

Maganar ta soki Huseina, don ba wanda ya taɓa gaya mata haka rakiyar ta kasance. Mazan da ke tsaye a lungun kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Malam Salahu ya tattare hannun rigarsa, ya durƙusa inda Huseina ta durƙusa, ya zura hannu. Haliru ya murza. Nishin ya zo, bugun ya biyo baya. Malam Salahu bai cire hannun nan da nan ba. Ya daɗe a durƙushe, idonsa a rufe, leɓensa na motsi. Da ya miƙe sai ya ce, "A bar ta nan. Zan dawo da safe." Ya juya ya tafi, bai ko karkaɗe ƙurar gwiwarsa ba.

Motar ta kwana a ƙofar gidan, maƙwabta suna raɓawa ta jikin bango in za su wuce. A lokacin ne Huseina ta gane girman abin da ta jawo. Ba za a wanke sunan mijinta ba sai an karɓe wa Malam Salahu abin da yake riƙe da shi na mahaifinsa, don kuka ɗaya ne, ƙarfe ɗaya ne. Ta ji tausayinsa ƙwarai, ta ji kunyar Malam da ya koya mata Fatiha. Amma da za a ce ta janye, ba za ta janye ba.

Da hantsi Malam Salahu ya dawo, dattawan masallaci na biye da shi, fuskokinsu a murtuke. Komlan ya riga ya iso a kan zemidjan, babur ɗin haya, da akwatin kayan aiki da sabbin kupel biyu a kwali, yana jira bai taɓa komai ba. Wani dattijo ya matso kusa da liman ya ce, "Liman, akwai abin da ba a taɓawa."

"Motar nan 'yan'uwanmu take ɗauka a titi, da rayayyu a zaune a gefensu," in ji Malam Salahu. "Mai sana'a ya ce in an bar ta haka wata rana za ta ƙi bin hannun direba. A gyara. A nan za a yi, kowa ya gani." Ya zauna a bencin ƙofar gida, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Komlan ya ce "Yoo," wato to, ya yi alamar gicciye a ƙirji, Haliru ya yi bisimilla. Aka sa duwatsu a bayan tayoyi, aka ɗaga gaban motar da jak, aka tokare ta. Ya cire taya, ya fesa mai a kan notocin ƙasa da suka ci tsatsa, ya yi ta fama da su da doguwar sifana yana zaginsu da yarensu. Ya kwance notoci ukun sama, ƙafar gaba ɗaya ta sauko a hannunsa, doguwa, baƙa, ya kwantar da ita a kan buhu. Huseina tana bakin ƙofa tana kallo, Ajaratu ta bar kaskon ƙosai a hannun 'yarta ta zo ta tsaya a gefenta.

Sai ya ɗauko wasu dogayen ƙarafa biyu masu ƙugiya, ya maƙala su a sifirin gefe da gefe. "Kowa ya ja baya," in ji shi, ba wasa a muryarsa. "Wannan abu yana ɗauke da nauyin mota. In ya kuɓuce, sai Haliru ya ɗauki ɗayanmu yau." Ya riƙa ɗaure wannan kaɗan, ya koma wancan kaɗan, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ƙaton sifirin ya yi ta tsukewa yana ƙara a hankali. Duk surutun lungun nan, ba ka jin komai sai kukan sifana da wata akuya can nesa. Da sifirin ya saki, ya kwance babban notin tsakiya, ya zare kupel ɗin ya ɗaga shi sama.

Bai fi murfin ƙaramar tukunya ba. Robar ta tsattsage, ta rabu da ƙarfenta, har kana hango haske ta tsakani. Ya ɓamɓare boris, jan gari ya zubo, yashin Lome da tsatsar iskar teku, babu ko ɗigon giris. Ya mayar da shi ya murza da hannu, sai abin ya yi wani ɗan siririn kuka.

Wani tsoho ya ce "Allahu akbar" da ƙarfi, ya toshe baki. Duk wanda ya je jana'izar Malam Abdulkuddus ya gane kukan nan. Shi ne, ba ƙari ba ragi, kafin shekara ta mayar da shi nishi.

Komlan ya miƙa wa Malam Salahu da hannu biyu. Liman ya jujjuya shi, ya murza sau ɗaya, ya miƙa wa na kusa da shi. Ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har ya iso ga Huseina. Ta auna shi a tafi. Wannan ɗan abin ne duk mamatan unguwa suka hau kansa zuwa makwancinsu, malami da dillali, tsoho da jariri, yana juyawa a cikin duhu ba wanda ya san da shi, har ya gaji. Ta yi tasbihi.

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba. Ya ɗora sabon kupel, ya daidaita bakin sifirin a mazauninsa, ya ɗaure, ya sassauta ƙugiyoyin a hankali, ya mayar da ƙafar. Ya zagaya hagu ya yi haka, don ya ce ba a sa wa mutum sabon takalmi a ƙafa ɗaya. Ya gargaɗi Haliru ya kawo ta gareji a daidaita tayoyi kafin a sake doguwar tafiya. Aka sauke motar. Haliru ya shiga, ya ja da baya har bakin lungu, ya karya sitiyari har ƙarshe, ya tsallako kwata. Motar ta shigo sumul, ba ka jin komai sai inji da tayoyi a kan yashi.

Mutane suka saki numfashi, aka fara 'yan maganganu. Ajaratu ta rungume Huseina tana cewa ita dama tun farko ba ta yarda ba. Huseina ta ji nauyin da ke ƙirjinta ya sauka, amma wurin da ya bari bai cika da komai ba. Ta gyara hijabi, ta juya wajen benci.

"Allah gafarta Malam," in ji ta, "to yanzu ta yaya zan san halin da yake ciki?"

Malam Salahu ya ɗago kai, idanunsa sun yi ja. "Ba za ki sani ba, Maman Batul. Shekaranjiya ni ina ganin na san inda mahaifina yake. Yau ban sani ba." Ya share ido da gefen riga. "Kuma tun ranar da motar nan ta yi kuka, addu'ar da nake yi masa ta ragu, don ina ganin ya wuce buƙatarta. Ke tsoro ya riƙe miki hannu, ni kuwa sakankancewa."

Ya miƙe tsaye a tsakiyar lungun, gaban motar, ya ɗaga hannuwa. Dattawa suka ɗaga, mata suka ɗaga daga bakin ƙofofinsu. Komlan ya ajiye sifana, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji da baƙin hannunsa.

"Ya Allah," in ji Malam Salahu, "ga bayinKa biyu, Abdulkuddus da Garuba. Ba mu san komai a kansu ba sai abin da Ka sani. Ka jiƙansu."

Huseina ba ta taɓa jin an kira sunan mijinta a jere da na Malam ba. Aminin da ta faɗa ya fito da ƙarfi har mazan gaba suka waiwayo, ita kuwa ba ta sauke hannu ba.